Kamu Ɗaya na Roba a Cikin Katanga

Ni mai aikin famfo ne da walda. A Gyadi-Gyadi aka haife ni, a nan shagona yake har yau, a wani lungu da ke bayan titin Zariya. Karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka wanda ya karanta wannan ya yi haƙuri da yadda na jera shi. Laifi ne na yi wa ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, na riƙe shi a cikina shekara bakwai. Na ga ya kamata in rubuta shi da hannuna tun ina da sauran hankalin da zan faɗe shi daidai, ba tare da na gyara wa kaina ba.

Babanmu ma aikin famfo ya yi. Yana da wata sandar ƙarfe da ta kai masa ƙirji, an sa mata kan katako mai faɗi kamar bakin ludayi. Idan aka kira shi gidan da ruwa ke zuba a ƙasa ba a san wurin ba, ba ya fara haƙa. Sai ya dafa tsinin sandar a jikin bututu, ya manna kunnensa a katakon, ya rufe ido. Ya matsa gaba ya sake dafawa. Can sai ya zana ƙasa da ƙafa ya ce a haƙa nan, kuma da wuya a haƙa a rasa. Haka idan yana son sanin ruwan da ya rage a tankin ƙarfe, ƙwanƙwasawa yake yi da sufana daga ƙasa zuwa sama, inda amon ya canza nan ruwan ya tsaya.

Ya koya mana mu biyu. Yakan ajiye dogon bututu a ƙofar gida, ya sa mu a wancan bakin, shi ya buga da ƙusa a wannan. Ni nakan ji bugun sau biyu, na farko a cikin ƙarfen, na biyu a iska. Ƙanena, da na girme shi da shekara shida, ba ya ji sosai, sai tambaya: me ya sa na ƙarfen yake riga zuwa? Baba ya ce shi dai ya san yana riga, bai san dalili ba, ya je ya tambayi malaman boko. Haka kuwa aka yi. Ni na gaji sandar da shagon, shi ya yi ta karatu har makarantar koyon fasaha.

Yana can Baba ya faɗo. Wani gida ne a Tarauni, tankinsu yana kan dogayen ƙafafu, sufana ba ta kaiwa sai an hau. Matakalar tsanin ta riga ta ci tsatsa, ta balle a ƙarƙashinsa. Ƙugunsa ya karye, bai ƙara tafiya ba sai da sanda, bai kuma cika shekara uku ba ya rasu. Abin da ya hau dubawa kawai shi ne ko da ruwa a ciki. Wannan ya tsaya wa ƙanena a rai. Ya ce ba zai huta ba sai ya yi abin da zai sa mutum ya san ruwan tanki yana tsaye a ƙasa.

Ya yi shekaru a kai, a ɗakin zaure na gidan Inna, mahaifiyarmu. Abin da ya fito da shi akwati ne guda biyu, kowanne bai fi tafin hannu ba. Na sama yana manne da jikin tanki da maganaɗisu, yana auna inda ruwa ya kai. Daga nan sai ya riƙa buga bututun ƙarfen da ke saukowa, bugu ƙanana masu saurin da kunne ba ya iya rarrabewa. Na ƙasa yana manne a ɗaya ƙarshen bututun, yana sauraro, yana rubuta lamba a ɗan gilashinsa. Babu wayar da ɓarayi za su yanke su ƙone don jan ƙarfen ciki, babu ruwansa da ko akwai sabis ko babu. Bututun da ke ɗauko ruwa shi ne yake ɗauko labarin. Ranar da ya fara nuna mini, na ɗora sandar Baba a kan bututun, na ji wani siririn kuka kamar na gyare, yana tsayawa yana ci gaba. Ya ce wannan kukan shi ne lambar. Ya kuma faɗa mini sharaɗinsa guda ɗaya, ya maimaita shi har na gaji da ji: ƙarfe ya taɓa ƙarfe tun daga sama har ƙasa. Idan roba ta shiga tsakani, ko kamu ɗaya ce, maganar ta mutu a nan.

Na taya shi. Ni na yi masa waldar maɗauran akwatunan, ni na ba shi guntayen bututu na gwaji. Ban faɗi wannan don a rage mini ba. Na faɗa ne don a san cewa na fahimci abin sarai.

A ƙofar shagona akwai benci da dattawan lungu suke zama da yamma. Da labarin akwatin ya bazu, hirar ta koma kansa. Wani tsohon direba, abokin Baba, ya ce ashe kunnen marigayi wurin ƙaramin ya tafi, sai dai shi a akwati ya zuba shi. Wani ya ce in kai sandata gidan tarihi tun kafin ta yi tsatsa a hannuna. Aka yi dariya, ni ma na yi. Wasa ne irin na bencin, sun yi wa kowa. Amma na je gida da shi. Shekara ashirin ina bin bututun mutane da sandar nan, ba a taɓa cewa na gaji Baba ba sai ranar da aka ce wani ne ya gaje shi.

Damar ta zo ta hannun wani Alhaji mai gidan ruwan leda a Tarauni, ta wajen Daurawa. Tankinsa na ƙarfe ne, babba, a sama ƙwarai. Bututun yana saukowa ya ratsa katangar ɗakin injuna, can ciki ne mai kula da injin yake zama. Alhaji ya ce a gwada wata guda. Idan lambar ta yi gaskiya har watan ya cika, zai sa a duk wurarensa, zai kuma kai ƙanena gaban sauran masu wannan sana'a da kansa. Ƙanena ya dawo gida ya kasa cin abinci don murna. Inna ta yi ta sa albarka, ta sa aka yi waina aka raba wa maƙwabta tun ba a ga komai ba.

Kwana goma na farko abin ya tafi daidai. Mai kula da injin yana hawa ya leƙa, ya sauko ya duba lamba, ya ga sun dace. Daga kwana na biyar ya daina hawa.

Ranar Juma'a ta biyu ƙanena ya raka Inna ta'aziyya ƙauye. Da hantsi aka kira ni daga gidan ruwan, wai katangar da bututun ya ratsa ta jiƙe. Na je na rufe ruwa daga sama, na fasa katangar. Bututun ya ci tsatsa a daidai inda siminti ya rufe shi, ya huje. Aikin gaskiya shi ne in yanke wurin, in koma shago in yanko sabon ƙarfe, in yi masa haƙoran murɗawa baki biyu, in dawo in haɗa. Rabin yini ne. Lokacin zafi ne, motoci suna jiran kaya, mai kula da injin yana tsaye a kaina yana cewa Alhaji yana son ruwa ya dawo kafin a sauko daga masallaci. A jakata akwai guntun bututun roba. Kowane mai famfo a garin nan ya san wannan dabara: ka gasa bakin robar a wuta ta yi laushi, ka shafa gam, ka cusa ƙarfen a ciki, ka ɗaure da tsinken tub na taya. Ba ta zuba, kuma minti talatin ta isa.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa sauri ne ya sa, na manta. Ban manta ba. Ina gasa bakin robar a wutar kwali maganar ƙanena tana kunnena. Na ce a raina ranar Litinin zan dawo in canza da ƙarfe, kwana biyu ba komai. Na haɗa, na kwaɓa siminti na rufe, na shafe shi sumul. Mai kula da injin yana can yana alwala, bai ga abin da na sa ba. Da na gama na ɗauki sandar Baba na dafa a bututun ta waje, na ji kukan gyaren nan. Na shiga ɗakin na dafa ta ciki. Shiru. Abin da ya fi yi mini nauyin rubutawa shi ne wannan: a lokacin wani abu ya yi mini daɗi a ƙirji. Ni kaɗai a duniya na san inda maganar ta tsaya, kuma da sandar da aka ce in kai gidan tarihi na sani. Na wanke hannuna na tafi masallaci.

Akwatin ƙasa, idan bai ji komai ba, yana tsayawa ne a kan lambar ƙarshe da ya ji. Ya tsaya yana nuna tanki ya kusa cika. Ranar Asabar da safe an kawo wuta, mai kula da injin ya duba lamba, bai tayar da famfon rijiyar da ke cika tankin ba. Da azahar ruwa ya ƙare ana tsakiyar aiki, wuta kuma ta riga ta tafi. Injuna suka tsaya, motoci suka juya wurin wasu.

Ranar Lahadi aka kira mu, ni da ƙanena. Daga tasha ya wuce can, ko gida bai shiga ba. Ya cire akwatin ƙasa ya manna shi a bututun ta wajen katanga, lamba ta fito daidai. Ya mayar da shi ciki, babu komai. Ya yi haka sau uku. Sai ya tsaya yana kallon sabon simintin. Alhaji yana zaune a kujera, ma'aikata sun kewaye mu.

"Yaya, me ka tarar a cikin katangar nan?"

"Haɗi ne ya saki," na ce. "Na ɗaure na mayar da siminti."

"Ƙarfe ne dai har ciki?"

"Ƙarfe ne."

Alhaji ya ce to a ɗauko guduma a fasa a gani mana, katanga ce kawai. Ƙanena ya dube ni, ya dubi mutanen da ke tsaye, ya ce, "A'a, Alhaji, ba sai an fasa ba. Yaya ya riga ya faɗa." A gidanmu ƙane ba ya sa a bincika maganar yayansa a gaban mutane. Tarbiyyar da Baba da Inna suka yi masa ita ta rufa mini asiri, ni kuma na tsaya na bar ta ta rufa.

Shi da kansa ya samo wa abin dalili. Ya ce wataƙila sabon simintin ya kama bututun gam, ya shanye amon. Ya roƙi a bar shi ya mayar da akwatin wajen katanga a ƙarasa watan. Alhaji bai yi faɗa ba. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, kuma a Kano babu bututun da ba ya ratsa katanga. Abin da cokalin siminti zai kashe, kuma ya mutu yana nuna maka cewa lafiya lau, ya fi rashinsa haɗari. Ya ce a cire, Allah ya sa albarka a gaba. Ni na hau tsanin na ciro masa akwatin sama.

Ranar Litinin ban koma ba. Idan na fasa katangar na canza, an gane. Na ce bari ƙura ta lafa tukuna.

Shekara biyu ƙanena yana yaƙi da siminti. Tsakar gidan Inna ta cika da bokitai da bulo, kowanne da guntun bututu a soke a tsakiya. Ya gwada siminti mai ƙarfi, ya gwada mai yashi da yawa, jiƙaƙƙe da busasshe. A dukkansu amon yana raguwa kaɗan amma yana wucewa, lamba tana fitowa. Wannan ne ya fi cin ransa. Ya ce da a gida ma ya ƙi, da ya san abokin gabarsa. Wata rana ya zo shago ya tambaye ni yadda na kwaɓa na ranar, kwano nawa na yashi, wane irin ruwa. Na faɗa masa. Ya ce in zo in kwaɓa masa da hannuna, ko akwai wani abu a hannun nawa. Na je. Na durƙusa a tsakar gidan uwarmu na kwaɓa masa siminti, na rufe bututun ƙarfe da shi, muka jira kwana biyu ya bushe. Lamba ta fito. Ya zauna a kan bulo ya riƙe kansa. Inna ta kawo mana kunun tsamiya, na sha nawa har ƙasa.

Wani mai gidan burodi a Hotoro ya ji labari ya aiko yana so a sa masa. Ƙanena ya ƙi. Na ce ya je mana, wancan tsautsayi ne. Ya ce ba zai manna wa mutum abin da bai san ranar da zai yi shiru ba, alhali mutumin zai daina hawa ya duba saboda ya yarda da shi. Ya ce akwai abin da bai gane ba a cikin aikinsa, kuma wanda bai gane aikinsa ba bai kamata ya sayar da shi ba. Da ya faɗi haka bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Sai na ce masa Allah ya kawo mafita.

Daga nan ya fara canzawa. Mutumin da yake tambayar dalilin komai ya daina tambaya. Ko fitila aka kawo masa gyara sai ya auna sau uku, ya kuma ce a kai wa wani ya duba. Ya yi aure, yara suka zo, ya karɓi adaidaita sahu yana ja tsakanin kasuwar Tarauni da Hotoro. Akwatunan da littattafan lissafinsa ya zuba su a buhu ya tura ƙarƙashin gadon Inna. Bulullukan gwajin aka yi dakalin wanke-wanke da su. Dattawan benci suka daina maganar, sai tsohon direban nan da ya ce mini wata rana, ashe dai sandar ce ta gaskiya. Na samu abin da nake so a faɗa. Ban iya haɗa ido da shi ba.

Kowace shekara idan azumi ya zo nakan ɗaura niyyar faɗa. Ranar Sallah mukan haɗu a gidan Inna, kowa ya nemi gafarar kowa kamar yadda aka saba. In kama hannunsa in ce ya yafe mini abin da na yi masa, wanda ya sani da wanda bai sani ba. Ya ce, haba Yaya, me ka taɓa yi mini, ni ne zan nema. Da wannan na riƙa lallashin kaina: ai na nema, ai ya yafe, har da wanda bai sani ba. Shekara biyar ina ɓuya a bayan wannan kalma. Sai wata rana bayan sallar la'asar na tsayar da limamin masallacinmu, na ce ina tambaya ne a madadin wani abokina. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce abokin nawa ya san cewa da ɗan'uwansa ya san abin da ake nufi, wataƙila amsarsa ta bambanta, shi ya sa ma yake dunƙule maganar. Ya ce cutar da har yanzu take ci gaba ba a neman gafararta a dunƙule, sai an fara tsayar da ita. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce in gaya wa abokin nawa kada ya jira wani azumin. Na jira wasu biyu.

A tsakanin nan Inna ta rasu. A ciwonta na ƙarshe ta ce mini in riƙe ɗan'uwana, zuciyarsa ta karye tun abin nan na gidan ruwa, ni ne babba. Na ce to. Ta tafi tana ganin ni ne mai riƙewa.

Bara na bi ta Tarauni zan je wani aiki, na ga ana rushe gidan ruwan. An sayar, sabon mai shi zai yi shaguna. Leburori suna kan katangar ɗakin injuna. Na sauka daga babur na tsaya har suka iso wurin. Guntun robar ya faɗo cikin ɓaraguzai, da tsinken tub ɗin da na ɗaure, da baƙin hayaƙin kwali a bakinsa. Shekara bakwai bai zubar da ɗigo ɗaya ba. Na ɗauka na sa a jaka. Da na bar shi a nan, da an kwashe shi da shara, babu mai sani har abada. Na yi wannan tunanin, ba zan ɓoye ba. Kwana huɗu yana jakata.

Ranar ta biyar da la'asar na same shi a bakin kasuwar Tarauni yana jiran fasinja. Na shiga bayan adaidaitar na ce ya ja mu gaba, magana ce. Ya tsaya a ƙarƙashin wata darbejiya ta wajen Daurawa, ya kashe inji. Na miƙa masa robar ta kan kafaɗarsa, na faɗa masa daga ina ta fito, da ranar da na sa ta, da abin da na ji a ƙirjina da na dafa sanda. Ban rage komai ba. Bai juyo ba. Ya riƙa jujjuya ta a hannu, ya sa yatsa a ciki, ya kankare gam ɗin da farce. Mun daɗe a haka, har wata mata ta zo ta tambaya ko zai je Hotoro, ya ce a'a Hajiya.

"Ashe lissafina daidai ne," ya ce. Ya yi wata 'yar dariya da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba.

Na ce daidai ne, tun farko daidai ne.

"Yaya, abu ɗaya zan tambaye ka. Ranar da ka kwaɓa mini siminti a tsakar gidan Inna, me kake tunani?"

Na kauce wa tambayar.

Na ce mu koma kan aikin akwatin. Na ce zan nemi Alhaji duk inda yake in faɗa masa, zan faɗa a benci, zan faɗa a masallaci idan yana so. Zan bar aikina in bi shi gida-gida muna mannawa. Ya bar ni na gama. Ya ce yanzu irin waɗannan abubuwa sun cika kasuwa, daga waje ake kawo su, suna aika lamba cikin wayar mutum, babu mai tsayawa ya saurari na wani direban adaidaita. Ya ce ko ba haka ba, ya buɗe littafin lissafin nan bayan rasuwar Inna, ya ga kamar wani ne ya rubuta, shafi biyu ya kasa bi. Ya ce ba akwatin ne ya lalace ba, shi ne ya saba da rashin yarda da kansa, kuma bai san yadda ake kwance wannan ba a shekarunsa, da yara uku.

"Na yafe maka, tunda ka nema da sunansa," ya ce. "Amma kada ka ƙara yi mini maganar akwatin nan."

Ya miƙo mini robar, ya tayar da inji, ya kai ni har ƙofar shago.

Na faɗa a benci duk da haka. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce Allah ya kyauta, aka koma maganar tsadar mai. Tsohon direban ya riga ya rasu. Alhaji kuwa na neme shi, aka ce ya koma wani gari wurin 'ya'yansa, ba ya gane mutane sosai.

Lokacin da aka raba kayan Inna ni na ɗauki buhun nan, babu wanda ya nema. Akwatuna biyu ne suka rage da siffarsu, batiransu sun kumbura. Bayan hirar nan tamu, a bayan shagona na kafa ƙaramin tanki a sama, na sauko da bututun ƙarfe na ratsa katanga da shi, na rufe da siminti, ƙarfe zalla tun daga sama har ƙasa, kowane haɗi na murɗa shi da hannuna. Na manna akwatunan a inda ya kamata. Ban san yadda ake tayar da su ba. Ban yi masa maganar ba, tunda ya hana. Na dai bar ƙofar baya a buɗe yadda za a iya hangowa daga hanya, kuma na san matarsa ta ji daga wurin matata.

Kunnuwana sun yi nauyi yanzu, injin gurza ƙarfe ya cinye su. Idan na dafa sandar Baba a bututu, ba na rarrabe zubar ruwa da ƙarar titi, aikin neman ɓula ma na daina karɓa. Ko da akwatin nan zai yi kuka yau, sai dai wani ya gaya mini.

Yana bi ta lungunmu kusan kullum da safe idan ya kai yara makaranta. Yakan rage gudu a ƙofar shago ya ce, Yaya, an tashi lafiya? In ce lafiya lau, ya iyali? Ya ce alhamdu lillahi. Bai taɓa fasa gaisuwar ba, ko sau ɗaya. Bai kuma taɓa kashe inji ba, idonsa bai taɓa zuwa wajen ƙofar baya ba. Wata goma ke nan. Makon jiya na ga tsatsa ta fara fitowa a haɗin da ke kusa da katangar, na kankare na shafa masa fenti.